Yadda ake cin okonomiyaki a ƙaramin gidan abinci a Japan

Okonomiyaki waina ce ta kabeji da fulawa da ƙwai da ake toyawa a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai zafi a gaban mai ci. Sunan kalma biyu ne: okonomi, wato abin da ranka ke so, da yaki, wato abin da aka gasa ko aka toya. Wanda ya san wainar fulawa ya kama hanya, sai dai wannan ta fi kauri, kabejin cikinta ya fi fulawa yawa, kuma guda ɗaya tana ƙosar da babban mutum. Cinta ba wuya. Wuyar tana wuri biyu: sanin abin da ke cikinta kafin ka zauna, domin naman alade shi ne namanta na yau da kullum, da kuma haƙurin barinta ta nuna in kai ne za ka toya.

Abin da za ka tanada

Tsabar kuɗi. Ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati. Guda ɗaya takan kama daga wajen yen 900 zuwa 1,500, gwargwadon gari da abin da ka sa aka ƙara. Mutum ɗaya ya riƙe yen 3,000, zai ci ya sha ya yi saura.

Takarda ko hoto a waya mai ɗauke da wannan rubutu: 豚肉・ラード・アルコールは食べられません. Ana karanta shi "butaniku, raado, arukooru wa taberaremasen", ma'ana ba na cin naman alade, ko kitsensa, ko abin da ke da barasa. Rubutun ya fi baki aiki, domin shagon yana da hayaniya, mai toyin kuma idonsa na kan wuta.

Manhajar fassara mai karanta rubutu da kyamara, saboda jerin abincin ƙaramin shago sau da yawa da hannu aka rubuta shi a bango, babu hoto. Ka haddace alamu uku da ido: 豚 alade, 肉 nama, 酒 giya.

Tufafin da ba ka jin ciwon su kama ƙauri. Babbar riga da mayafi mai lilo ba na wannan wuri ba ne. Gefen ƙarfen yana dab da gwiwar hannunka. Ka sa safa mai tsabta, domin wasu wuraren sai an cire takalmi. Sai lokaci: ka ware awa guda. Wannan ba abincin mai jiran jirgin ƙasa ba ne.

Kayan da za ka tarar a teburi

Ƙarfen toyin sunansa teppan. Wani shagon ƙarfe ɗaya ne dogo da ya zagaye kanta, wato dogon teburin da ke gaban mai toyi, mutane na zaune a jere; wani kuma kowane teburi da nasa a tsakiya. Akwai abin juyi mai faffaɗan baki, kamar ƙarfen da masu fenti ke kankare bango da shi. A Osaka ana ce masa kote, a Hiroshima hera. Manya biyu na juyawa ne, ƙarami ɗaya na yanka da kai wa baki. Sai kwanon miyar shafawa mai kauri da duhu tare da burushinta, da mayonis, da garin ciyawar teku kore mai suna aonori, da firarren busasshen kifi mai suna katsuobushi.

Mataki na 1: Ka san wace iri kake nema

Salon Osaka ana cakuɗa komai a kwano ɗaya: fulawa, romon kifi da ake kira dashi, ƙwai, yankakken kabeji, jar citta mai tsami, ɓarɓashin soyayyen kwaɓi da ake kira tenkasu, da gurzajjiyar doya mai yauƙi kamar kuɓewa, nagaimo. Wannan doyar ce ke sa wainar ta yi laushi ta tashi. Shaguna sun cika unguwannin Namba da Dotonbori, amma na cikin lunguna sun fi na bakin titi sauƙin layi.

Salon Hiroshima hawa-hawa ake gina shi, ba a cakuɗawa, kuma da taliya a ciki. Mai shago ne ke toyawa, baƙo kallo ne nasa. Wanda ya fito daga Dandalin Tunawa da Zaman Lafiya zai iya takawa da ƙafa zuwa Okonomimura a unguwar Shintenchi, gini ɗaya da ke da ƙananan shaguna sama da ashirin a hawa na biyu zuwa na huɗu. Abincin ya kafu a garin ne bayan bam ɗin 1945, lokacin da shinkafa ta yi wuya, fulawar agaji da kabeji suka zama abin da ake samu. Mata da yawa da suka rasa mazajensu suka buɗe shago a gefen gida. Abu ɗaya: a Hiroshima kada ka ce "Hiroshima-yaki". Mutanen garin okonomiyaki kawai suke ce mata, kuma ba sa jin daɗin a mai da tasu kamar reshen ta wani gari.

A Tokyo za ka ga 'yar uwarta mai ruwa-ruwa, monjayaki, musamman a Tsukishima. Wani abinci ne daban, ana kankarar ƙanzonsa daga ƙarfe da ɗan mitsitsin cokali. Kada ka fara da ita.

Mataki na 2: Lokaci da ƙofa

Yawancin ƙananan shaguna suna buɗewa wajen ƙarfe 11 ko 11:30, su rufe wajen 2 ko 3 na rana, su sake buɗewa da yamma wajen 5. Mai yawon buɗe ido da ya shagala da ɗaukar hoto har ƙarfe 3 yakan tarar da ƙofa a rufe. Ka je da zarar an buɗe, ko bayan ƙarfe 1 lokacin da ma'aikatan ofis suka koma. A lokacin ne mai shago ke da sukunin sauraron tambayoyinka.

Gajeren labule da ke rataye a saman ƙofa, noren, alama ce ta a buɗe ake. Allo mai 営業中 yana nufin ana ciniki, mai 準備中 yana nufin ana shiri, kada ka shiga. In akwai layi, ka duba ko akwai takardar rubuta suna da adadin mutane a bakin ƙofa.

Mataki na 3: Tambaya kafin zama

Da ka shiga za a yi maka maraba da ƙarfi, "irasshaimase". Ba a amsawa, ɗan sunkuyar da kai ya isa. Ka nuna adadinku da yatsu. Nan take, kafin a kawo ruwa, ka ce "sumimasen" ka miƙa takardarka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna, a sha ruwa, a kunna wuta, sannan a fara bincike. A lokacin fita ta zama abin kunya ga kowa.

Alade yana shiga wannan abinci ta ƙofa huɗu, kuma cire naman kawai ƙofa ɗaya ka rufe.

Ta farko naman kansa. Kalmar buta-tama alade da ƙwai ce. A Hiroshima niku-tama-soba ita ce ta yau da kullum, kuma "niku" ɗin nan alade ne ko da ba a faɗa ba. Mikkusu, wato haɗin gambiza, kusan kullum da alade a ciki. Har wadda aka rubuta ta da sunan abincin teku, a Hiroshima ana iya shimfiɗa mata naman a matsayin tushe. Ka ce "butaniku nuki de onegaishimasu", a cire naman alade don Allah.

Ta biyu man toyi. Shaguna da dama, musamman masu salon Hiroshima, da kitsen alade suke shafa ƙarfe ko soya taliya. Tambayar ita ce "raado wa tsukatte imasu ka?" In an ce eh, ka roƙi "sarada abura", man girki na tsirrai.

Ta uku miya. Wannan ce mutane suka fi mantawa. Fitacciyar miyar Otafuku ta Hiroshima da dabino ake zaƙa ta, abin da zai ba Bahaushe sha'awa, amma a jikin kwalbar da ake sayarwa a Japan an rubuta cewa akwai romon nama da ya haɗa da na alade da kaza, da kuma barasa kaɗan. Kamfanin yana yin wata mai shaidar halal a Malesiya, sai dai ba ita ce ƙaramin shago ke ajiyewa ba. Ka ce "soosu nashi de", ban da miya, ka nemi gishiri, "shio". Wainar abincin teku da gishiri da mayonis da aonori ba ta rasa komai na daɗi ba. Ka tuna cewa taliyar cikin ta Hiroshima ma da miya ake ɗanɗana ta tun tana kan wuta, don haka "ban da miya" ya shafe ta.

Ta huɗu ƙarfen kansa. A kanta mai ƙarfe ɗaya, wainarka tana toyuwa a inda ta wani ta tashi, da abin juyi ɗaya. Teburi mai nasa ƙarfen ya fi, domin za ka iya roƙo a kankare a goge a gabanka kafin a zuba mai. Ko hakan ya wadatar, wannan tambaya ce da za ka kai wa malaminka tun kafin tafiya, ba a bakin ƙofar shago ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya nemi shagon da ke da shaidar halal ko wanda ya keɓe ƙarfe da miya don Musulmi. Ana samun irinsu a manyan wuraren baƙi, kuma gara a tabbatar suna nan a ranar kafin a kama hanya.

In mai shago ya ja numfashi ta haƙora ya ce "chotto muzukashii", wato da ɗan wuya, a'a ce ta ladabi. Ka yi godiya ka fita. Kada ka tsaya ciniki.

Mataki na 4: Oda

Ika-tama da ika ake yi, wata halittar teku mai hannaye da yawa, mai ɗan tauri a baki. Ebi-tama da jatan lande, tako halittar teku ce mai hannaye takwas, kaki kuwa kawa, halittar teku mai ɓawo biyu, wadda Hiroshima ta shahara da ita musamman lokacin sanyi. A mazhabar Malikiyya dukan waɗannan halittun teku halal ne. Mai bin Hanafiyya ya san nasa hukuncin ya fi takurawa. Ana iya ƙara cuku, masara, lawashin albasa mai yawa, ko mochi, dunƙulen shinkafa mai danƙo. Ka bar suji: jijiyar saniya ce, ba yankan Musulunci ba, kuma yawanci da giyar girki ake dafa ta.

Al'ada ita ce kowane mutum ya yi odar abu ɗaya aƙalla. Mutum uku su zauna a shago mai kujera goma su raba waina ɗaya, ba a so. Ruwa kyauta ne. In kana son shayi mai sanyi ka ce "uuron-cha", amma ka kula da "uuron-hai", wannan da giya aka haɗa shi, kuma sunayen suna kusa da juna a jeri.

Mai rashin jituwa da alkama, ƙwai ko jatan lande ya bar abincin gaba ɗaya. Tenkasu ma kan ƙunshi jatan lande. Ɗanyen nagaimo yana sa wasu ƙaiƙayin baki da fata.

Mataki na 5: Wa zai toya?

In an kawo maka kwano da ɗanyen haɗi aka ajiye aka tafi, kai ne mai toyi. In ma'aikaci ya zuba da kansa ya tafi, zai dawo ya juya, kada ka taɓa. Baƙi sukan ɓata waina mai kyau da juyin ganin-ido. In an bar maka kuma kana shakka, ka ce "yaite moraemasu ka?", za a toya mini? Ba abin kunya ba ne, 'yan ƙasa ma suna roƙon haka.

Mataki na 6: In kai ne mai toyi

Ka jira ƙarfe ya yi zafi. Ɗigon kwaɓi ya yi ƙara nan take, ya isa. Zuba mai kamar cokali ɗaya ka baza shi.

Kwanon ƙarami ne kuma cike yake, da gangan. Fasa ƙwan da ke sama, ka tura cokali har ƙasa inda ƙullun yake, ka ɗago shi sama, kana juya kwanon a hannu. Sau goma sha biyar zuwa ashirin, cikin daƙiƙa talatin, ya isa. Abin da ake so iska ta shiga. In ka yi ta bugu kamar ƙullun ƙosai, kabeji zai saki ruwa, fulawa ta yi danƙo, wainar ta fito da nauyi kamar tuwo. Kuma kada ka gauraya ka ajiye. Da ka gama ka zuba.

Zuba a tsakiya, ka tattara gefe da kote har ta zama da'ira mai faɗin kamar santimita 15 da kaurin santimita 2. Ido zai ce ka baza ta. Kada ka yi. Mai faɗi ba ta juyuwa, mai siranta tana bushewa.

Bar ta minti huɗu zuwa biyar. Alamar lokaci ya yi ita ce gefen ya daina sheƙi ya kama jikinsa, in ka ɗaga kaɗan ka ga ƙasa ta yi ja kamar bayan masa. Tura manyan kote biyu ta dama da hagu har su kusa haɗuwa a tsakiya, ka motsa ta kaɗan ka tabbatar ba ta manne ba. Sai ka kifar da ita zuwa wajenka da wuyan hannu, a motsi ɗaya, ba tare da ɗaga ta sama sosai ba. Mai ɗari-ɗari shi ne tasa ke karyewa. In ta tarwatse, ka tura gutsattsarin ƙarƙashi ka gyara da'irar. Ƙwai zai sake haɗe ta, ado kuma zai rufe tabon.

Yanzu babban kuskure: dannawa. Hannu zai so ya danna ta da kote don ta yi saurin nuna. Dannawa tana fitar da iska da tururin da ke dafa kabejin daga ciki, sai waje ya ƙone, ciki ya cushe. In akwai murfi ka rufe. Ba ta minti biyar, ka sake juyawa, ka ƙara minti biyu zuwa uku. Ka soka gefen kote a tsakiya: in ɗanyen kwaɓi ya biyo, a ƙara lokaci a rage wuta. In waje ya yi baƙi ciki ɗanye, wuta ta yi yawa. Ka ja ta gefen ƙarfe inda zafi ya fi sauƙi, ko ka kira ma'aikaci ya rage. Maɓallin gas yana ƙarƙashin teburi, amma ba aikin baƙo ba ne.

Mataki na 7: In a Hiroshima kake

Zauna ka kalla, domin a nan ne za ka ga ko an bi roƙonka. Mai toyi zai zuba ludayin kwaɓi ya murza shi da bayan ludayin ya zama siririn faifai. Ya barbaɗa garin kifi, ya tula kabeji har ya yi tudu mai ban tsoro, ya ƙara tsiron wake da tenkasu. A daidai nan ake shimfiɗa yankan alade, don haka idonka ya kasance a kai, domin hannun da ya yi abu sau ɗari a rana yakan yi shi ba da tunani ba. Ya kifar da tudun, faifan ya zama murfi, kabeji ya turara ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku. A gefe yana soya taliya, ya ɗora tudun a kanta, ya fasa ƙwai a ƙarfe, ya ɗora komai a kan ƙwan, ya juya na ƙarshe. Aikin yakan ci minti goma sha biyar zuwa ashirin. Za a tambaye ka soba ko udon: soba a nan siririyar taliyar alkama ce mai launin ɗorawa, udon kuwa fara mai kauri. Mai farawa ya ɗauki soba.

Mataki na 8: Ado da ci

Jerin shi ne miya ga mai cinta, mayonis, aonori, sai katsuobushi a ƙarshe. Firarren kifin zai riƙa motsi kamar mai rai. Zafi da tururi ne ke kaɗa shi saboda sirantarsa. Kada miya ko mayonis su zuba a ƙarfe, suna ƙonewa su yi ɗaci.

Ka bar wainar a kan ƙarfe a rage wuta, haka take zama da zafi har lomar ƙarshe. Da ƙaramin kote ka yanka daga gefen da ke kusa da kai, ka danna a tsaye, kada ka ja kamar zarto, musamman ta Hiroshima da hawanta ke zamewa. Mutanen Osaka murabba'i-murabba'i suke yankawa, kowace loma ba ta wuce rabin bakin kote ba. Ka hura, ka ɗauka da leɓe daga gefen kote ɗin, kada ƙarfen ya taɓa harshenka, kuma kada ka bar shi kwance a kan teppan, zai yi zafin da zai ƙona ka. Wanda bai iya ba ya ɗebo a ɗan faranti ya ci da tsinkaye. A Hiroshima ma za a tambaye ka "teppan ko sara", ƙarfe ko faranti. Mai yara ya zaɓi faranti, ya kuma zaunar da su nesa da gefen ƙarfe.

Kafin ci ana cewa "itadakimasu", kalmar godiya ga abinci. Tawul mai laima da aka kawo na hannu ne kawai. Kada ka kafa tsinkaye a tsaye cikin abinci, wannan na jana'iza ne a wurinsu. Hoton abincinka ba laifi, amma ka nemi izini kafin ka ɗauki fuskar mai toyi ko wasu masu ci. Aonori yana maƙalewa a haƙora, ka kurkure baki kafin hoto na gaba.

Mataki na 9: Biya

In akwai layi a waje, da ka gama ka tashi. Ka ce "okaikei onegaishimasu", ko ka ɗauki takardar lissafin da aka ajiye a teburi ka kai wurin akwatin kuɗi a bakin ƙofa. Kuɗi a ɗan tire ake sawa, ba a hannu ba. Harajin cin abinci a cikin shago kashi 10 cikin ɗari ne tun watan Oktoba na 2019, kuma yawanci an riga an haɗa shi a farashin da ka gani. Da daddare, shagon da ke haɗa sana'ar da sayar da abin sha yana iya kawo ɗan abin taɓawa da ba ka nema ba, otoshi, ya sa kuɗinsa a lissafi. Kuɗin zama ne, ba cuta ba, amma ka tambayi abin da ke cikinsa kafin ka ci. Ba a ba da tukuici. In ka bar canji za a biyo ka da shi titi. Ɗaukar saura zuwa masauki ba kowane shago ke yarda ba. Kalmar ita ce "mochikaeri". Kana fita ka ce "gochisoosama deshita".

In ba ka sami shagon da ya dace ba

Masauki mai ɗakin girki ya wadatar. Na mutum ɗaya: fulawa gram 50, ruwa mililita 50 da ɗan garin dashi na kifi, ƙwai ɗaya, kabeji gram 150 yankakke ƙanana, jatan lande ɗan dintsi, gishiri. In babu nagaimo, rabin ƙaramin cokali na bakin foda zai ɗaga ta. Kaskon suya mai murfi, matsakaiciyar wuta, lokutan da aka faɗa a mataki na shida. Juyi da abin juyi ɗaya yana da wuya, don haka ka zame wainar a faranti, ka kifa kaskon a kanta, ka juya su tare. A madadin miya, ka dama tumatirin kwalba cokali biyu da dabino biyu da aka jiƙa aka murje, da ɗan ruwan lemun tsami da gishiri, ka ɗumama minti ɗaya kafin ka shafa.